Tseren kilomita 10 na farko: shiri a hunturun Zariya, gudu a zafin Legas

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gudun dogon zango. Na ƙudiri niyyar shiga tseren kilomita 10 da ake haɗawa da gudun fanfalaki (mai kilomita 42) na Legas a watan Fabrairu, kuma saura mako 12. Shekaruna 34, nauyina kilo 78. Ina ɗan taɓa ƙwallo ranar Asabar da yamma, amma in gudu ne zalla, ba na wuce kilomita ɗaya da rabi haki ya tsayar da ni. Ina kuma azumin Litinin da Alhamis. Shin mako 12 zai isa? Sau nawa zan fita a mako, ina ya fi dacewa a nan Zariya, wane irin takalmi zan nema, me zan riƙa ci? Burina in gama lafiya, in da hali cikin minti 70 ko kusa da haka. Allah ya saka da alheri.

Koci Samaru ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mako 12 ya isa, da sharaɗi ɗaya: ka rage sauri. Hakin da ke tsayar da kai ba ya nuna ƙirjinka ba shi da ƙarfi. Gudun ɗan ƙwallo kake yi, wanda ake fizga na daƙiƙa goma a tsaya. Gudun dogon zango sassarfa ce, kuma magana ce ma'auninta. In kuna tafe da abokin gudu, ya kamata ka iya gaya masa magana cikakkiya numfashi bai katse ta ba. In kalma biyu ko uku kawai ke fita, ka yi sauri da yawa. Ga mai farawa, wannan yakan kama minti 8 zuwa 8 da rabi a kowace kilomita. Za ka ji kunya, domin mai tafiya da hanzari zai kusa jerawa da kai. Ka daure. A irin wannan sassarfar zuciya ke koyon tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini ke ƙaruwa cikin naman ƙafa, ƙashi da jijiyoyi kuma ke samun lokacin sabawa da dukan ƙasa.

Kwana uku a mako, kar ka ƙara. Tunda kana azumin Litinin da Alhamis, ka ɗauki Laraba, Juma'a da Lahadi, bayan sallar asuba. Juma'a ta zama mafi sauƙi, don jiki bai gama mayar da ruwan jiya ba, Lahadi kuma ranar dogon gudu. Ƙwallon Asabar ce matsalar. Ba zai yiwu ka sha juyi da birki da yamma ba, sannan da asuba ka ɗora dogon gudu a kan ƙafafun da ba su huce ba. Shawarata ka ajiye ta sai an dawo daga Legas. In ranka ba zai bari ba, ka buga rabin lokaci a makonni huɗun farko, daga nan ka haƙura. Taka ɗaya a idon sawu ta isa ta cinye maka mako uku.

Ga yadda za ka jera makonnin. Mako na 1 da na 2, ka fara da tafiya minti 5, sannan sassarfa minti 2, tafiya minti 1, ka maimaita sau 8. Mako na 3, sassarfa minti 4, tafiya minti 1, sau 6. Mako na 4, sassarfa minti 8, tafiya minti 1, sau 3 ranar Laraba da Juma'a, sau 4 ranar Lahadi. Kar ka raina tafiyar nan da ke tsakani, ita ce ke ba ka damar tara rabin awa a kan ƙafa tun kafin ka iya gudunta a jere. A mako na 5 ka yi minti 25 ba tsayawa. A na 6, minti 30 ranar Laraba, minti 25 ranar Juma'a, kilomita 5 ranar Lahadi. Daga nan Lahadi ce kaɗai ke ƙaruwa: kilomita 6 da rabi a mako na 7, ka sauko zuwa 5 a mako na 8, ka hau 8 a na 9, ka kai 9 a na 10. Wannan shi ne mafi tsawo, kuma ya faɗo kusan mako biyu kafin tsere. Mako na 11 kilomita 6 kawai. A makon ƙarshe sassarfar minti 20 sau biyu, sai hutu. Jiki ba ya ƙara ƙarfi a kwana goman ƙarshe, abin da kawai za ka iya yi shi ne ka gajiyar da shi.

Kilomita 5 ɗin mako na 8 ka yi ta da agogo, da iya ƙoƙarin da za ka iya riƙewa daga farko zuwa ƙarshe. Lokacin da ka samu ka ninka biyu, ka ƙara minti 3. Wanda ya yi minti 33 da rabi, shi ne ke kan hanyar minti 70. In ka yi 36, ka sa ranka a 75, kar ka ja da lissafi.

Daga mako na 7, ranar Laraba ka shiga filin tsere. Zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne, zagaye 25 ke nan kilomita 10. Mai neman minti 70 yana buƙatar minti 7 a kilomita, wato minti 2 da daƙiƙa 48 a zagaye. Bayan sassarfar minti 10, ka yi zagaye ɗaya cikin minti 2 da rabi, ka taka rabin zagaye, ka sake. Sau 4 a farko, ka kai sau 6 a mako na 10. Ka lura, in ka bi layin waje zagayen ya fi mita 400 sosai, layi na 8 ya haura mita 450, don haka kar ka ɗauka ƙarfinka ne ya ragu.

Batun wuri, in kana da damar shiga harabar jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, titunan ciki da filin wasanni sun fi ko'ina kwanciyar hankali da sassafe. Layukan GRA ma ba laifi. Babbar hanyar Sakkwato daga Kwangila zuwa Samaru da Shika tana da tsawo, amma tsakanin tirela, bas, keke da 'yan acaɓa, ga hazo yana rage gani, ban so ta ga mai farawa. In dole ce, ka bi hannun hagu kana fuskantar motocin da ke tahowa, ka sa riga mai haske, kar ka toshe kunne da waƙa ko karatu. Hanyar burji da ba ta da ramuka ta fi kwalta sauƙi ga ƙafa, amma tunda a kwalta za a yi tseren, gudun Lahadi ya zama a kwalta daga mako na 7. Kuma kar ka nufi bayan gari kai kaɗai da duhun asuba, ka nemi abokin tafiya.

Mai Gashin Ƙashi ya rubuta:

Tsarin Koci ya yi. Abin da zan ƙara shi ne abin da ke hana mutane kaiwa ranar tsere.

Kafin komai, Malam, ka je asibiti a auna hawan jini da suga, kuma ka san rukunin jininka na sikila. Mai AS, wato wanda ya gaji ƙwayar sikila amma ba shi da ciwon, yana gudu lafiya lau, amma shi ya fi kowa buƙatar kiyaye ƙishirwa da matsa wa kai cikin zafi. Duk wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yayin motsa jiki, ko ya taɓa suma, ko wani a gidansu ya rasu farat ɗaya yana matashi, to sai likita ya duba zuciyarsa kafin ya fara. Mai asma kuma ya fita da abin shaƙarsa, domin busasshiyar iskar hunturu da ƙura suna tayar da ita. Ranar da hazo ya yi kauri har ba ka hango ƙarshen layi, ka jira rana ta ɗaga ko ka ɗage gudun.

Huhu da zuciya suna sabawa cikin 'yan makonni, ƙashi da agara kuwa sai sun ɗauki watanni. Shi ya sa rauni ke yawan zuwa bayan 'yan makonnin farko, daidai lokacin da mutum ya fara jin daɗin gudu yana ƙara tsawo da kansa. Na farko shi ne ciwon ƙwauri. In ciwon ya bazu a gefen ƙashin ta ciki, tsawon tafin hannu ko fiye, kuma yana lafawa in jiki ya ɗumama, ka rage gudu da rabi na mako guda, ka koma burji, ka ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 15 bayan ka dawo. Amma in wuri ɗaya ne tak da za ka iya nunawa da ɗan yatsa, yana ƙaruwa in ka ci gaba, ko ba ka iya tsalle da ƙafar ɗaya, wannan tsagewar ƙashi ake jin tsoro. Ka tsaya cak, ka je a duba. Kar ka kai wa mai ɗori ya murza, murza ba ta haɗa tsagewa.

Ciwon gaban gwiwa, wanda ake ji wajen sauka daga bene ko tashi daga zaman tahiya, galibi daga raunin cinya da ƙugu yake. Maganinsa atisayen minti 15 sau biyu a mako, a ɗaki, ba sai da ƙarfe ba. Tsugunna ka tashi sau 12, kamar za ka zauna a kujera, gwiwa kar ta karkata ciki. Tsaya a bakin matakala ka ɗaga dunduniya ka sauke a hankali sau 15. Kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwoyi, ka ɗaga ƙugu sama sau 12. Kowanne zagaye uku. Ɗaga dunduniyar nan shi ke kare agara. Kuma ka gajarta taku. Mai miƙa ƙafa can gaba yana dira da dunduniya, birki yake taka wa kansa a kowane taku, gwiwa da ƙwauri ke biya. Ƙafa ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jiki.

Da sanyin asuba kar ka fara da jan jijiya a tsaye. Tafiya da sauri, lilo da ƙafa gaba da baya, ɗan tsalle kaɗan, su ne ɗumama jiki. Miƙa jijiya sai bayan an gama.

Takalmi kuwa, ba sai mai tsada ba. Ana yawan kawo zancen Abebe Bikila na Habasha da ya ci gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta Rum a 1960 ba takalmi, amma shi ƙafarsa ta shekara da shekaru tana gudu. Kai ka nemi takalmin gudu na gaske, mai soso a ƙasa. Ba na ƙwallo ba, ba kambas mai shafaffen ƙasa ba. In gwanjo za ka saya a Sabon Gari, ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka je da safar da za ka riƙa gudu da ita. Ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin dogon yatsan ƙafa da bakin takalmin, in ba haka ba farce zai yi baƙi ya fita. Kar kyan sama ya ruɗe ka, ƙasa za ka duba. In soson ya yi tamoji a gefe ya daskare, ko dunduniyar ta cinye ta ɓari ɗaya har takalmin yana karkata in an ajiye shi a tebur, ya gama aiki. Soson takalmin gudu yakan mutu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma ba ka san nawa mai shi na farko ya ci ba. Safar auduga tana riƙe gumi ta kawo bororo, ka nemi ta roba irin ta 'yan wasa. Faso ma ka tare shi tun yanzu da man kaɗanya kowane dare, don dunduniyar da ta tsage ba ta ɗaukar kilomita 8 a kwalta.

Abu biyu da ba na wasa da su. In zazzaɓi ya kama ka, babu gudu sai ka gama magani, zafin ya sauka, ka ƙara kwana biyu ko uku, sannan ka koma makon da ke baya. Kada kuma ka sha maganin kashe ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen don ka iya gudu. In suka haɗu da ƙishirwa da zafi suna taɓa ƙoda, suna tayar da gyambon ciki, suna kuma ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai. Tramadol kuwa, ban da illarsa, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 2024.

'Yar Gyallesu ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da ya fi damuna a tambayar nan shi ne, a hunturu za ka yi shiri, a Legas za ka yi gudu, kuma yanayin biyu ba su haɗa hanya ba. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata. Kamar randa ne: da hunturu ruwanta har haƙori yake kamawa saboda iska na busar da abin da ke tsattsafowa, da damina kuwa sai ka ji shi ɗumi-ɗumi. A Zariya cikin Disamba da Janairu gumi na bushewa tun kafin ka gan shi. A Legas iska cike take da laimar teku, gumin zai yi ta zuba yana jiƙa riga, zafin kuma yana nan a jiki, zuciya na ƙara bugu. Saurin da ka saba da shi a Samaru zai fi nauyi a can. Ka ƙara daƙiƙa 15 zuwa 30 a kowace kilomita cikin lissafinka.

Jiki na sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14. Don haka daga mako na 9 ka mayar da gudun Juma'a bayan la'asar, sassarfa mai sauƙi ta rabin awa, da ruwa a hannu. Kar ka sa rigar leda ko ka jibga kayan sanyi wai don ka yi gumi, wannan hanyar suma ce.

A hunturu mutum ba ya jin ƙishirwa alhali ruwa na fita. Ka hau sikeli kafin dogon gudu da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa, wato ledar ruwa biyu. A nauyinka, in ragin ya wuce kilo ɗaya da rabi, shan ruwanka ya yi kaɗan. Fitsari ma shaida ne, in ya yi ja kamar shayi akwai saura. Bayan dogon gudu ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Daren Alhamis kuma, tsakanin buɗa baki da barci, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan har lita ɗaya da rabi.

Abinci ba ya buƙatar wani sabon abu. Tuwo, shinkafa, dankali, doya da taliya su ne man gudu. Wake, ƙwai, nono, kifi, gyaɗa da nama su ke gyara abin da gudu ya ci. Fitar asuba da ba ta wuce minti 40 ba, dabino uku da rabin kofin ruwa sun isa. Ranar Lahadi ka ƙara ayaba ɗaya ko ɗan koko marar yaji rabin awa kafin fita. Ƙosai, waina da duk abin da aka soya su jira sai ka dawo, don mai na daɗewa a ciki, shi ke kawo suka a gefen haƙarƙari da tashin zuciya. Fura da nono bayan gudu ta yi daidai, ga hatsi ga nono ga ruwa. Kuma kar ka haɗa shirin nan da rage cin abinci don saukar da tumbi, ƙafafu ne za su mutu a mako na 6.

Ga 'yan'uwa mata da ke karantawa, tsarin ɗaya ne. Dogon wando da doguwar riga marasa nauyi waɗanda ba auduga ba, da ƙaramin hijabi mai shan iska wanda ba ya lilo. Wadda ke yawan jin kasala da haki fiye da ƙima ta je a auna jininta, ƙarancin jini ya yi yawa a tsakaninmu, kuma atisaye ba ya gyara shi.

Tsohon Ɗan Tsere ya rubuta:

Gaisuwa ga Koci, amma ina da ja a wuri ɗaya. Zagayen saurin nan na Laraba ban ga dolensa ba ga wanda a yau ba ya kai kilomita 2. Ribarsa minti ɗaya ko biyu ce, hasararsa kuwa agara ko ƙwauri. In har mako na 7 ya zo babu inda ke maka ciwo, to ka yi. In akwai ko ɗan tsami da ke kwana, ka bar shi, ka yi sassarfar minti 35, a ƙarshe ka ɗan ware ƙafa na daƙiƙa 20 sau huɗu. Minti 70 ɗin ma kar ka ɗaure kanka da shi. Tseren farko na koyon tsere ne, ga na Okpekpe a jihar Edo da ake yi wajen watan Mayu, shi ma kilomita 10, in kana son gyara lokaci daga baya, ko da yake shi akwai hawa da gangara.

Yanzu ranar kanta. Ba a fafe gora ranar tafiya: takalmi, safa, wando, karin kumallo, duk su zama waɗanda ka gwada a gudun kilomita 8 da 9. Rigar da masu gasa za su ba ka sabuwa ce, in ba a wajabta sa ta ba ka adana ta, sabon ɗinki na goge fata. Ka shafa basilin a matsematsi da hammata, ka manna filasta a kan nono, don jiƙaƙƙiyar riga na gurza shi har ya yi jini. Farce ka yanke kwana uku kafin nan.

Ka isa Legas kwana biyu kafin tsere. Zaman mota daga Zariya yana kumbura ƙafa ya sanƙarar da ƙugu, sai ka samu yini guda ka taka, ka karɓi lambarka, ka ga inda za a tashi. Tun 2016 ake wannan gasa, dubban mutane ke shiga, kuma ana rufe tituna da sassafe. Ka karanta takardar gasar da kyau: wurin tashin masu kilomita 10 da lokacinsu ba lallai su zo ɗaya da na masu kilomita 42 ba. Ka kwana kusa, ka isa awa ɗaya kafin lokaci. Daren tsere ka ci abin da cikinka ya sani, shinkafa da miya marar yaji sosai, ba ranar gwada abincin baƙon gari ba ce. Da safe, awa biyu zuwa uku kafin tashi, burodi da shayi ko koko da ayaba, da ledar ruwa ɗaya. Ka zaga bayi tun a masauki. Lambar ka maƙala ta a ƙirji da fil huɗu, kar ka naɗe ta, domin in akwai na'urar ɗaukar lokaci a bayanta take.

Wajen tashi ka tsaya can baya. Gaba na ƙwararru ne, irin 'yan Filato da ke atisaye a tsaunukan Pankshin, da kuma samarin da za su fizga da gudu su ƙare a mita 800. A nan mafi yawan masu farawa ke lalata tserensu: ga kiɗa, ga ihu, jiki ya huta mako guda, sai mutum ya ci kilomitar farko cikin minti 6 bai sani ba, a ta 6 kuma ƙafa ta zama dutse. Kilomita biyun farko ka yi su a hankali fiye da lissafinka da daƙiƙa 20, ka bar kowa ya wuce. Daga ta 3 zuwa ta 7 ka zauna a kan saurinka. In ka kai ta 8 da sauran ƙarfi, nan ne wurin kashe shi. Kar ka yi ta kutsawa hagu da dama cikin cunkoso, ƙarin tafiya ce.

A wurin ba da ruwa ka rage gudu ko ka taka, ka kurɓa sau uku ko huɗu, sauran ka zuba a kai da wuya. Kar ka shanye duk abin da aka miƙo maka a kowace tasha. Ruwa in ya yi yawa yana tsarma gishirin jini, kuma wannan ma yana kai mutum asibiti. Ka kula da ledoji da robobin da aka zubar, suna da santsi. In suka ta kama ka a gefen ciki, ka rage gudu, ka danna wurin da yatsu, ka fitar da numfashi mai tsawo har ta sake ka. Amma in ka ji sanyi na ratsa ka cikin rana, ko jiri, ko ka fara tangaɗi, ko tunaninka ya rikice, ka fita gefe ka nemi masu agaji nan take, a jiƙa ka da ruwan sanyi. Wannan zafi ne ya fi ƙarfin jiki, kuma yana kisa.

Bayan ka tsallake layi kar ka zube a ƙasa. Ka ci gaba da takawa minti 10, in ba haka ba jini zai taru a ƙafa jiri ya ɗebe ka. Ka sha ruwa, ka ci wani abu cikin awa ɗaya, ka canza jiƙaƙƙun kaya.

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Tambaya ɗaya ta rage. In tafiya ko rashin lafiya ta sa na rasa mako guda cur, in haɗa na biyu a mako mai zuwa ne, ko yaya?

Koci Samaru ya rubuta:

A'a, ba a rama gudu. In mako ɗaya ka rasa, ka maimaita makon da ka yi na ƙarshe, sannan ka ci gaba. In biyu ne, ka koma baya da mako biyu, ka cire zagayen sauri gaba ɗaya, a nan na yarda da Tsohon Ɗan Tsere. Abin da za a taɓa shi ne tsawon gudu mafi tsawo: maimakon kilomita 9 ka tsaya a 7 ko 8, amma makon hutun ƙarshe yana nan yadda yake. Wanda ya taɓa yin kilomita 7 a jere zai gama 10, in ya tsara tun daga farko cewa zai yi sassarfa minti 9, tafiya minti 1, har ƙarshe. In kuwa rashin ya kai mako uku, ko ya faɗo tsakanin mako na 8 da na 10 saboda ciwon ƙafa, ka turo bayanin inda ciwon yake da abin da likita ya ce, sai a duba ko za a sake tsarin ko a ɗaga zuwa wata gasar.